Jinyar Mashayi: Abin da Likita Ya Sani da Abin da Za Mu Tambaye Shi

A wannan fitowa za mu ajiye maganar taki da iri, mu ɗauki wata magana wadda kusan kowace ƙungiya ta san zafinta, amma ba a cika kawo ta gaban taro ba. Maganar ɗan'uwa ce wanda giya ko ƙwaya ta kama, da abin da yakan tarar sa'ad da aka kai shi asibiti.

Za mu fara da labarin wani ɗan ƙungiya a ɗaya daga cikin ƙauyukan da muke ziyarta. Ba za mu faɗi sunansa ko sunan ƙauyen ba. Manomi ne mai ƙwazo, yana da shanun noma biyu, bai taɓa makara da biyan bashin taki ba. Ya fara da burukutu a wurin gayya kamar kowa. Daga baya ya koma wa barasar nan mai ƙarfi wadda ake kira goskolo a ƙasar Filato, ogogoro a waɗansu wurare, gama ita ta fi sauƙin ɓoyewa a aljihu. Cikin shekara uku ya sayar da sa ɗaya, rumbunsa kuwa yakan ƙare tun kafin ruwan shuka.

Sau uku cikin shekara guda uwargidansa ta raka shi ɗakin shan magani. Zuwan farko ciwon ciki ne, aka ce gyambon ciki ne, aka ba shi magani. Zuwa na biyu rawar jiki ce da gumi da sassafe, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Zuwa na uku ya faɗi daga kan babur, aka ɗinke masa goshi. Ba wanda ya tambaye shi ko yana sha, balle nawa yake sha. Shi bai faɗa ba, ita kuma kunya ta rufe mata baki.

Ana nan sai aka yi taron farkawa a majami'arsu. Ya fito gaban jama'a da hawaye, ya yi alkawari ba zai ƙara taɓawa ba, da gaske kuwa yake yi. A ranar ya bari. Kashegari hannunsa yana karkarwa har ba ya iya riƙe moɗa. Dare na uku ya fara ganin macizai a bango da kiyashi suna bin jikinsa, yana ta ihu, bai gane 'ya'yansa ba. Waɗansu suka ce iskoki ne. Waɗansu suka ce abokan shansa ne suka yi masa sammu domin ya rabu da su. Aka kulle shi a ɗaki, ana addu'a a bakin ƙofa. Da asuba ya faɗi yana jijjiga, sai wani dattijon Ekklesiya ya ce lalle a nemo mota.

A babban asibiti likitar da ta karɓe su ta duba shi, sa'an nan ta juya wurin uwargidan.

"Mama, yaushe ne maigida ya sha na ƙarshe?"

"Likita, ai ya tuba ya bari. Yau kwana uku ke nan."

"To, Mama, barin nan farat ɗaya shi ya kawo wannan. Allah ya taimake ku da kuka zo yau."

Aka kwantar da shi, aka yi masa allurai. Bayan kwana biyar ya dawo cikin hayyacinsa.

Ku duba fa. Ma'aikatan lafiya huɗu suka ga mutumin nan, ɗaya kaɗai ta yi tambayar da ta buɗe asirin ciwonsa. Shaye-shaye yana da jinya wadda masana suka gwada shekara da shekaru, amma sanin jinyar bai kai kowane asibiti ba. Saboda haka ya wajaba iyali da ƙungiya su san ta gwargwadon iyawa, domin su iya tambaya, su kuma san lokacin da za su wuce zuwa asibiti na gaba.

Ina dalilin da ba a tambaye shi ba?

Kada mu yi saurin ba malamin asibiti laifi. Abin da aka koya masa shi yake yi. A makarantun koyon aikin lafiya lokacin da ake ba maganar shaye-shaye kaɗan ne in an gwada da na zazzaɓi, da haihuwa, da rigakafin yara. Yana kuma da layin mutane a ƙofa, sau da yawa shi kaɗai ne a wurin. Har wa yau shi ma ɗan gari ne, ya tashi yana jin ana cewa shan giya mugun hali ne kawai, aikin fasto ne ko na mai unguwa, ba ruwan asibiti.

Ba mu kaɗai ke da wannan damuwa ba. A shekarar 2000 wata cibiya ta Jami'ar Kolombiya a Amurka ta ba ɗaruruwan likitoci bayanin wani majinyaci mai alamun farko na ciwon shan giya, ta ce su faɗi cututtukan da suke zato. Likitoci 94 cikin 100 ba su ambaci shaye-shaye ba. A ƙasar dai, ƙidayar 2019 ta nuna cewa cikin manya masu wannan ciwo, waɗanda suka sha maganin da aka yi dominsa ba su kai 2 cikin 100 ba. In haka ta faru a ƙasa mai yawan likitoci, ba abin mamaki ba ne ta faru a ƙauyenmu.

A Najeriya tun 1991 gwamnati ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci, amma horon ma'aikata bai bi takardar da sauri ba. Likitocin ƙwaƙwalwa, waɗanda su ne suka fi sanin wannan jinya, a lissafin shekarar 2022 ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200, mafi yawansu kuwa suna manyan birane.

Masu bukata kuma ba kaɗan ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya sami mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 da suka yi amfani da kayan maye cikin shekara guda, ban da giya da taba. Miliyan 10.6 tabar wiwi, miliyan 4.6 ƙwayoyin kashe ciwo irin taramadol, miliyan 2.4 maganin tari mai kodin. Ɗaya cikin biyar ɗinsu abin ya riga ya zame masa ciwo. Ɗaya cikin huɗu kuma mace ce.

Yanzu bari mu bi jinyar daki-daki, yadda ma'aikacin lafiya mai horo yakan bi ta.

Mataki na fari: tambaya

A shekarar 1989 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tambayoyi 10 da ake kira AUDIT. Ana tambayar mutum sau nawa yake sha, nawa yake sha a zama ɗaya, ko yakan kasa tsayawa in ya fara, ko yakan nemi giya da sassafe kafin jikinsa ya daidaita, da makamantansu. Ana ba da maki daga 0 zuwa 40. Wanda ya sami 8 ko fiye shansa ya fara zama haɗari. Wanda ya kai 20 akwai alamar jikinsa ya riga ya kamu. Ba a bukatar na'ura ko wutar lantarki, 'yan mintoci ne kawai.

Ga wanda bai yi nisa ba, sau da yawa hira ta minti 10 ko 15 da ma'aikacin lafiya takan sa ya rage sha. Ba faɗa ake yi masa ba. Ana nuna masa yadda shan ya haɗu da ciwon cikinsa, ko hawan jininsa, ko hantarsa, a bar shi ya faɗi da bakinsa abin da yake so ya yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mataki na biyu: kwanakin farko bayan bari

Nan ne rai yake cikin haɗari, nan ne kuma muka fi yin kuskure. Giya tana danne ƙwaƙwalwa. In mutum ya daɗe yana sha kowace rana, ƙwaƙwalwar takan ƙara ƙarfin aikinta domin ta rama. Ranar da aka janye giyar farat ɗaya sai ta zama kamar san da yake ta jan igiya da ƙarfi, aka yanke igiyar ba zato.

Bayan awa 6 zuwa 24 rawar hannu takan fara, da gumi, da tashin zuciya, da rashin barci. Cikin kwana biyu na farko waɗansu sukan faɗi da jijjiga irin ta farfaɗiya. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu, kamar mutum 1 cikin 20 yakan shiga ruɗewa mai tsanani, yana gane-gane, jiki ya yi zafi, zuciya tana bugawa da sauri. Wannan ruɗewa tana kisa in ba jinya. A asibiti kuwa waɗanda take kashewa ba su kai 5 cikin 100 ba.

Magunguna biyu ne ginshiƙin wannan jinya, duka biyu kuma ba su da tsada. Na ɗaya diyazefam, wanda mutane suka sani da sunan Valium. Yana kwantar da ƙwaƙwalwa, ana rage shi kaɗan-kaɗan cikin 'yan kwanaki a daina, gama shi ma ana kamuwa da shi in an daɗe. Kada kowa ya sayo shi a kemis ya ba mashayi a gida, domin in ya haɗu da giya yana iya tsayar da numfashi. Na biyu tiyamin, watau bitamin B1. Mashayi ba ya cin abinci sosai, giya kuma tana hana jiki ɗaukar wannan bitamin. Rashinsa yakan kawo ruɗewa da tangaɗi, in an makara kuma mutum ya rasa ƙarfin tunawa har ƙarshen ransa. Likitoci masu sani ba sa yi wa mashayi ƙarin ruwa mai sukari ba tare da tiyamin ba.

Mun san abin da za mu faɗa yanzu zai yi wa waɗansu nauyi. Mutumin da yake sha kowace rana, wanda jikinsa yake rawa da safe sai ya sha, ko wanda ya taɓa faɗuwa da jijjiga sa'ad da ya bari, kada ya bari farat ɗaya shi kaɗai a gida. A kai shi asibiti a ranar da ya yi niyya. In asibiti yana da nisa, ya riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har a sami mota. Muna so ya bari, muna kuma so ya rayu ya ga amfanin barin.

Mataki na uku: maganin hana komawa

Kwana biyar a asibiti sukan fitar da giya daga jiki, amma sha'awarta tana nan. Mutane da yawa, har da ma'aikatan lafiya, ba su san akwai magunguna uku da aka yi domin wannan ba.

Naltirekson ƙwaya ɗaya ce a rana. Yana rage daɗin da mutum yake ji in ya sha, yana kuma rage ƙawa. Amurka ta amince da shi domin mashaya giya a 1994. Ba a ba wanda yake shan taramadol ko kodin sai ya yi mako guda ko kwana 10 rabonsa da su, in ba haka ba zai jefa shi cikin azaba nan take. Akan kuma duba lafiyar hanta tukuna.

Akamfuroset ana shansa sau uku a rana. Yana kwantar da rashin natsuwar da takan dami mutum watanni bayan ya bari. Faransa ta fara amfani da shi a 1989. Ta ƙoda yake fita, saboda haka ya dace da mai matsalar hanta, amma bai dace da mai ciwon ƙoda ba.

Disalfiram, wanda ake sayarwa da sunan Antabuse, shi ne mafi tsufa. Waɗansu masana biyu a ƙasar Denmak suna gwada shi a jikinsu a matsayin maganin tsutsar ciki, sai suka ga in sun kurɓi giya sukan yi rashin lafiya. Suka sanar da duniya a 1948. Wanda ya sha shi ya kuma sha giya zai yi amai, kai ya sara, zuciya ta yi ta bugawa. Muna roƙon mata da iyaye, kada a taɓa sa wa mutum wannan ko wani magani a abinci a ɓoye. Ana iya rasa rai ta haka.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa naltirekson da akamfuroset cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Ba sa bugarwa, ba a kuma kamuwa da su. Amma kada mu yi musu yabon da ya wuce. Wani babban nazari na 2014 ya nuna in an ba mutum 12, kamar mutum 1 ne zai tsira daga komawa, wanda da ba domin maganin ba da ya koma. Taimako ne kamar taki. Taki ba ya hana a yi noma da ciyawa. A ƙasarmu kuma samunsu yana da wuya, ba a kemis ɗin ƙauye suke ba, sai an tambaya a manyan asibitoci.

Taramadol, kodin da sauran ƙwayoyi

Dukanmu mun san samarin da sukan haɗiyi taramadol kafin su shiga gona domin su yi aikin mutum biyu a ƙwadago. Ƙwayar da hukuma ta amince da ita ta miligiram 50 ce da ta 100, likita kuma ba ya wuce 400 a yini. Wadda ake sayarwa a tebur kuwa ta 200 ce ko 225, wani yaro yakan haɗiyi uku ko huɗu a tashi ɗaya. Shi ya sa muke ganin samarin da ba su taɓa yin farfaɗiya ba suna faɗuwa a kunya. Kodin kuma gwamnati ta hana yinsa da shigo da shi cikin maganin tari a watan Mayun 2018, amma bai ɓace daga kasuwa ba.

Wanda ya bar waɗannan ƙwayoyi yakan yi hamma, da majina, da zawo, da ciwon gaɓoɓi, da rashin barci, kamar mako guda. Da wuya wannan ya kashe shi, amma wahalar takan kore shi ya koma. Likita yana iya rage masa ƙwayar a hankali, ya ba shi maganin zawo da na ciwon jiki. Ga wanda ya yi nisa ƙwarai akwai metadon da bufurenofin, waɗanda ake ba mutum kowace rana a ƙarƙashin idon asibiti. Tun 2005 suna cikin jerin Hukumar Lafiya ta Duniya. Waɗansu sukan ce ai musayar ƙwaya da ƙwaya ce. Amma bincike a ƙasashe da yawa ya nuna suna rage mutuwa da kusan rabi, mutum kuma ya iya komawa aikinsa. Su ma a 'yan wurare kaɗan ake samunsu a nan.

Abu biyu za mu riƙe. Na ɗaya, wanda ya yi makonni bai sha ba, in ya koma ya haɗiyi yawan da ya saba, jikinsa ba zai ɗauka ba, nan ne mutuwa ta fi aukuwa. Na biyu, in kun tarar da mutum ba ya farkawa, numfashinsa yana ja a hankali, ƙwayar idonsa ta tsuke, ku kwantar da shi a gefe ɗaya, kada ku ɗura masa madara ko manja, ku garzaya asibiti ku faɗi abin da ya sha. Akwai allurar da ake kira nalokson wadda take dawo da numfashi cikin mintoci.

Tabar wiwi da sholisho kuwa ba su da ƙwayar magani tasu da aka tabbatar. Jinyarsu shawara ce a kai a kai, da sana'a, da rabuwa da majalisar da ake sha, da maganin taɓin hankali in ya bayyana. Duk wanda ya ce yana da allura ɗaya mai wanke jini daga wiwi, kuɗinku yake nema.

Ina za a je?

A fara da asibiti mafi kusa, a faɗi gaskiya. In ba su da horon wannan aiki, a roƙi takardar turawa gaba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware kusa da Sakkwato, da Dawanau a Kano. Asibitocin koyarwa na Jos, da Zariya, da Kano, da Makurɗi suna da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. A Vom kuma akwai cibiyar jinyar masu shaye-shaye.

Mun san mutane suna tsoron a ce an kai ɗansu asibitin mahaukata. Ku tuna ƙwaƙwalwa gaɓa ce kamar hanta. Ku kuma tuna da Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya fara ajiye majinyata a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abekuta, kowa tare da wani danginsa, gama ya ga mutum ya fi warkewa a cikin jama'a. Abin da muka sani a ƙauye tun dā, shi ne likitan nan ya nuna wa duniya.

Wurin da ba za a kai mutum ba shi ne inda ake ɗaurewa da duka. A 2019 wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta duniya ta ba da rahoton wurare 28 da ta ziyarta a Najeriya, ta tarar da mutane cikin sarƙa a kusan dukansu. A cikinsu akwai gidajen masu maganin gargajiya, da na Musulmi, da na Kirista, har da na gwamnati. Mu ma muna da rabonmu a wannan abin kunya. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙoƙin majinyata. Kafin ku bar ɗanku a ko'ina, ku tambaya ko akwai likita ko nas a wurin, ku kuma nemi ganin ɗakin da zai kwana.

Abin da za mu faɗa da abin da za mu tambaya

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya raka majinyaci ya faɗi abin da yake sha, da yawansa a yini, da shekara nawa, da ranar da ya sha na ƙarshe, da ko ya taɓa faɗuwa. In akwai kwalin ƙwaya a tafi da shi. In mace ce mai ciki a faɗa tun da fari. In ya taɓa maganar kashe kansa, lalle a faɗa. Sa'an nan a yi waɗannan tambayoyi da ladabi:

1. Likita, zai iya bari a gida, ko sai an kwantar da shi?
2. An ba shi tiyamin?
3. Wannan ƙwayar barci, kwana nawa zai sha a daina?
4. Akwai maganin rage sha'awa da ya dace da shi? In babu a nan, ina za mu samu?
5. An duba hantarsa, da jininsa, da ko yana da ciwon damuwa?
6. Yaushe za mu dawo, wa za mu gani?

Ma'aikacin kirki ba ya fushi da tambaya. In ya ce wannan ya fi ƙarfinsa ya tura ku gaba, ku gode masa, ya yi aikinsa daidai.

Aikin ƙungiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abin da muke ba kowace ƙungiya shawara ta duba a taronta na gaba.

A horar da namu ma'aikata. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya tana da littafin jagora mai suna mhGAP, wanda aka rubuta domin nas-nas da malaman asibitin ƙauye, yana kuma da babi a kan giya da ƙwayoyi. A Jihar Binuwai, Ekklesiyar Metodis da gwamnatin jiha sun fara wani shiri a 2011 suna horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci da wannan littafi. Abin da wata Ekklesiya ta yi, tamu ma tana iyawa. Kwamitin lafiya ya rubuta wa ofishin lafiya na Ekklesiya da na ƙaramar hukuma, ya roƙa a tura malamin asibitinmu horo, ƙungiya ta ɗauki kuɗin motarsa.

A buɗe ɗan asusun jinya. Yanzu da kaka ne kuɗi yake shigowa, yanzu ne kuma mashaya take cika. Kowa ya ba da mudu ɗaya ko biyu a ajiye domin mota da magani. In ɗan'uwa yana asibiti, a yi masa gayya a gonarsa.

A gyara gayya. A ba da tuwo da kunu. Mai gona kada ya kau da kai in ya ga 'yan ƙwadagonsa suna haɗiyar ƙwaya, wai domin aikinsa ya ƙare da wuri. Ɗan wani ne yake ƙonewa a gonarka.

A ba mai fama bashi da taki da iri maimakon tsabar kuɗi, da sanin uwargidansa. Matan da suke dafa burukutu domin kuɗin makarantar yara kuma, a ba su jarin wata sana'a kafin a ce su sauke tukunya.

Kada a kori mutum domin ya koma sau ɗaya. Masana sun lissafta cewa 40 zuwa 60 cikin 100 sukan koma, kusan daidai da yadda masu hawan jini da masu asma sukan koma cikin ciwonsu. Ba mu korar mai hawan jini, mukan mai da shi asibiti. Maganar horon Ekklesiya ta dattawa ce, ba za mu shiga ba. Roƙonmu kawai shi ne wanda aka sa a ƙarƙashin horo a ba shi mai ziyartarsa kowane mako, gama tsoron horo yana cikin abin da yake sa mutane ɓoyewa har abin ya ɓaci.

A haɗa waɗanda suka bari su riƙa zama tare. Ƙungiyar AA, wadda take ko'ina a duniya, ta fara ne a 1935 a Amurka da mashaya biyu, ɗayansu kuwa likita ne wanda iliminsa bai raba shi da kwalba ba sai da ya sami abokin fama. Ba a bukatar kome sai benci, da rana ɗaya a mako, da riƙon asiri.

Addu'a da magani

Wani zai ce, ashe addu'a ba ta isa ba? Mu manoma ne. Mukan roƙi Allah ruwa, mu kuma ɗauki fartanya. Luka wanda ya rubuta Bishara likita ne. Muna roƙon fastoci da masu bishara, ranar da wani ya fito ya ce ya bar sha, bayan an yi masa addu'a a ja shi gefe a tambaye shi ko jikinsa yakan yi rawa da safe. In ya ce i, a sa wani ya raka shi asibiti kafin rana ta faɗi.

Ɗan'uwan nan da muka ba ku labarinsa ya koma sau ɗaya, a wurin wani biki, wata huɗu bayan an sallame shi. A wannan karo uwargidansa ba ta ɓoye ba. Ta gaya wa shugaban ƙungiya, kashegari suka kai shi wurin likita. Yau damina biyu ke nan yana tsaye. Bai sami mai da sansa ba tukuna, maƙwabcinsa yake ara masa ɗaya ya haɗa da nasa. Ku sa shi cikin addu'a, tare da malaman asibitocinmu.

Domin tattaunawa a taron ƙungiya

1. In wani ya fara ruɗewa da tsakar dare a ƙauyenmu, motar wa za mu nema, wane asibiti za mu nufa?
2. Malamin asibitinmu ya taɓa samun horo a kan shaye-shaye? Wa zai je ya tambaye shi, ya kuma gayyace shi taronmu?
3. Me muke bayarwa a gayya? Za mu iya sākewa kafin damina mai zuwa?

Ku aiko mana da abin da kuka shirya, domin waɗansu ƙungiyoyi su ƙaru. Ubangiji ya ba mu hikima da jinƙai. Amin.